Baƙon da Ya Ƙi Tafiya: Tarihin Shigowar Baƙin Ƙwari Ƙasar Hausa, Bisa Misalin Annobar Tumatir ta 2016 a Kaduna

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya zauna a Unguwar Sarki ta Kaduna cikin watan Mayu na shekarar 2016 ba zai manta da yadda tumatir ya yi ɓatan-dabo daga teburan masu kayan gwari ba. Ana saura 'yan makonni a kama azumi, kashin tumatirin da a da ake aiken yaro ya sayo da 'yan canji ya koma sai mai hali. Matan gida suka koma ga kauɗa da na gwangwani, waɗansu kuwa suka riƙa haɗa tattasai da karas da albasa don dai miya ta yi ja. In mutum ya fito daga masallacin Sultan Bello ya tsaya ya tambayi mai tebur dalili, amsar da zai samu ba ta wuce cewa wata tsutsa ce ta cinye gonaki ba. Manoma sun laƙaba wa tsutsar nan suna Sharon, jaridu suka kira ta Ebolar tumatir, masana kimiyya kuwa sun san ta da sunan Tuta absoluta.

Galibin abin da aka faɗa a kan wannan annoba a lokacin ya tsaya ne ga tsadar miya da asarar manoma. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu dubi al'amarin ta fuskar tarihi. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa abin da ya auku a 2016 wani babi ne na tsohon labari. Yawancin amfanin gonar da muke taƙama da shi a yau baƙo ne, ya zo mana ya baro maƙiyansa a ƙasarsa ta asali. Bayan ɗaruruwan shekaru sai maƙiyan nan suka biyo sawunsa, su ma sun baro nasu maƙiyan a can. A cikin wannan giɓi ne annoba ke samun wurin zama, kuma irin maganin da muka zaɓa shi ke yanke hukuncin ko giɓin zai cike ko zai daɗa faɗi.

Za mu fara da bayanin abin da muke nufi da baƙuwar halitta, sa'an nan mu bi sawun waɗanda suka riga Sharon zuwa, mu dawo Kaduna da kewayenta, daga bisani mu duba darasin da tarihi ya bar mana.

2.0 ME AKE NUFI DA BAƘUWAR HALITTA?

Kafin mu yi nisa ya kamata mu share wata ƙura. In muka ce baƙin ƙwari, baƙunci muke nufi, watau ƙwarin da ba a san su a ƙasa ba sai da mutum ya kawo su, ko da gangan ko bisa kuskure. Don sauƙin fahimta za mu kasa halittun da manomi ke hulɗa da su kashi uku.

Kashi na farko shi ne ɗan gida mai ɓarna, kamar fara da jan-baki da gara. Waɗannan tun kaka da kakanni ake fama da su. Ɓarnarsu tana da yawa, amma manomi ya san lokacinsu da dabarunsu, kuma suna da masu cinsu a daji: shamuwa da balbela da shaho da ƙadangare, har da mutum kansa, tun da soyayyar fara abinci ce a ƙasar Hausa. Kashi na biyu shi ne baƙo mai albarka, irin su masara da rogo, wanda ba ya yaɗuwa sai inda hannun manomi ya kai shi. Kashi na uku, wanda shi ne abin maganarmu, shi ne baƙo mai mamaya. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, to wannan baƙon in ya sauka ba ya tashi. Yakan hayayyafa da kansa, ya bazu, ya ture 'yan gida daga abincinsu da mazauninsu.

Me ke ba shi wannan ƙarfi? A ƙasarsa ta asali kowace halitta tana zaune ne cikin wani tsari na ci-ni-in-ci-ka: akwai mai cinta, akwai cutar da ke kama ta, akwai abokin takara. Waɗannan su ke riƙe da linzaminta. In jirgi ko mota ta ɗauke ta ta kai wata nahiya, sai ta tarar da abinci a yalwace ba tare da mai riƙe linzamin ba. Masanin nan na Ingila, Charles Elton, shi ne ya fara tattara irin waɗannan labarai ya mai da su fannin ilmi a cikin littafin da ya wallafa a 1958. A 2023 kuma wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa da ake kira IPBES ya ƙiyasta cewa mutum ya kai halittu fiye da iri 37,000 wuraren da ba nasu ba, fiye da 3,500 daga cikinsu sun zama masu mamaya, kuma suna da hannu a kashi 60 cikin ɗari na ƙarewar dabbobi da tsirran da aka tabbatar a duniya.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin ruwanmu. Giwan ruwa ɗan gida ne a kogin Kwara da rassansa da tafkin Chadi, shi ne ma kifin da masunta ke alfahari da kamawa a bikin Argungu. A nan yana zaune lafiya da karfasa da tarwaɗa, domin tun fil azal tare suke. Amma a shekarun 1950 da farkon 1960 sai aka zuba shi a tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka da nufin bunƙasa sana'ar su. Ya yi lamo na kusan shekara ashirin, sa'an nan ya ɓarke a shekarun 1980. A cikin ƙananan kifaye dangin karfasa wajen iri 500 da babu su ko'ina a duniya sai a tafkin nan, an ƙiyasta kimanin iri 200 sun ɓace. Daɗin daɗawa, saboda giwan ruwa kifi ne mai maiƙo wanda ba ya shanyuwa a rana sai an banda shi, sai aka dinga sare itatuwan gaɓar tafkin don yin banda. Ashe ke nan muguntar ba a jikin halittar take ba, a wurin da aka kai ta take. Abin alfaharin Argungu shi ne annobar Biktoriya.

3.0 AMFANIN GONA YA RIGA, MAƘIYI YA BIYO BAYA

In muka leƙa tukunyar Bahaushe ta yau za mu ga rabinta baƙi ne. Gero da dawa da wake da kuɓewa na gida ne. Amma masara da rogo da gyaɗa da dankali da barkono da tumatir duk asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su taka Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Harshe ma yana riƙe da shaidar hanyoyin da suka biyo. Masana harshe suna danganta sunan masara da ƙasar Masar, abin da ke nuna ta arewa ta iso mu. Dankalin Turawa ya faɗi wanda ya kawo shi da bakinsa, kalmar tumatir kuwa ararriya ce daga Turanci.

Waɗannan tsirrai sun zo ne a matsayin ƙwayar iri ko kara, cikin jiragen ruwa masu tafiyar watanni, tafiyar da ƙwaro mai gajeren rai ba ya iya jurewa. Saboda haka suka daɗe a Afirka suna hutawa daga manyan maƙiyansu. Da tafiya ta gajarta sai hutun ya fara ƙarewa.

Ɗaya daga cikin baƙin farko da tarihi ya riƙe lokacin zuwansu ita ce jiga, ƙwaron nan mai shiga yatsun ƙafa. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa wajen 1872 wani jirgin ruwa da ya taso daga Barazil ya zubar da yashin da ya ɗauko a tashar Ambriz ta Angola, jiga kuwa tana cikin yashin. Kafin ƙarshen ƙarnin ta bi ayarin fatake da sojojin mulkin mallaka ta ratsa nahiyar har gaɓar gabas. Abin lura a nan shi ne, ƙwaron da ba ya ko tashi sama ya ƙetare Afirka cikin ƙasa da shekara talatin, domin ƙafar mutum ce abin hawansa.

Bayan shekara ɗari sai aka ga irin wannan a gona. A farkon shekarun 1970 wani ɗan ƙwaro mai lulluɓe da farin gari ya bayyana a kan rogo a yankin Kwango, ya shigo ne a jikin karan rogon da aka kawo daga Kudancin Amurka. Yakan tsotse ruwan tohon rogo har ganyen ya dunƙule, a waɗansu gonaki asara ta kai kashi 80 cikin ɗari. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya iso Nijeriya. Rogo ya yi ƙarni huɗu a Afirka kafin maƙiyinsa ya cim masa. Za mu dawo ga yadda aka ƙare da wannan ƙwaro a gaba, domin a nan ne babban darasin yake.

4.0 YADDA AKA SHIMFIƊA WA BAƘO TABARMA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don mu gane yadda Sharon ta sami gindin zama, tilas mu dubi yadda noma ya sauya a wannan yanki cikin ƙarnin da ya wuce.

Kaduna gari ne da hanya ta haifa. Lugga ya zaɓi wurin ne saboda ruwan kogi da layin dogo, aka kuma mai da shi hedkwatar Arewa a 1917 a madadin Zungeru. Da ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa suka taru, sai bukatar kayan miya ta kullum ta taso, lambuna suka jeru a gaɓar kogin, kamar yadda har yau ake ganinsu da rani a wajen Malali da Unguwar Rimi da Kabala. Amma noman lambu na wancan zamani ƙarami ne. Da jigo ake ban ruwa, kuma a fage guda za ka ga albasa da alayyafo da yalo da tumatir a cakuɗe.

Babban sauyi ya zo ne bayan farin 1972 zuwa 1974. Gwamnati ta mai da hankali ga noman rani, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ke shayar da filayen Kadawa da Kura a jihar Kano. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, a lokacin Funtuwa tana cikin jihar Arewa ta Tsakiya, wadda daga baya ta koma jihar Kaduna. Wannan shiri da ire-irensa su suka yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, har masara ta tashi daga 'yar bayan gida ta zama babbar hatsin kasuwa a ƙasar Zazzau da Lere da Saminaka. Daga baya ƙananan injunan ban ruwa suka maye gurbin jigo a fadamu. Tumatir ya mamaye bakin kogin Galma da fadamun Hunƙuyi da Ikara da Makarfi da Ɗanja, manyan motoci suna kwasa cikin kwanduna zuwa Legas da sauran biranen kudu.

Ba shakka wannan ci gaba ne, ya kuma ciyar da jama'a masu yawa. To, amma ta fuskar ƙwaro ga abin da aka yi: an shimfiɗa masa abinci iri ɗaya, fage bayan fage, daga Kano har Zariya, an haɗa noman damina da na rani ta yadda babu watan da zai rasa ɗanyen ganye, an kuma tanadar masa motoci da kwanduna masu kai-da-kawo tsakanin gona da kasuwa. Abin da ya rage kawai shi ne baƙon ya iso.

5.0 SHEKARAR 2016

Asalin Sharon ƙasar Peru ce. A 1917, shekarar da Kaduna ta zama hedkwata, wani masani Bature mai suna Edward Meyrick ya fara bayyana ta a rubuce daga samfurin da aka samo a Huancayo, cikin tsaunukan ƙasar. Daga shekarun 1960 ta addabi manoman tumatir a Kudancin Amurka, amma ba ta fita nahiyar ba sai a ƙarshen 2006, lokacin da aka gan ta a gabashin Sifen. A 2008 ta ƙetara zuwa Aljeriya da Maroko da Tunisiya. Tsakanin 2012 da 2013 aka tabbatar da ita a Sanagal da Jamhuriyar Nijar, a 2015 kuma ta bayyana a jihohin Katsina da Kano. Watau ta biyo kusan hanyar da ayarin raƙuma ke bi a da, sai dai ita cikin shekara tara ta gama tafiyar.

Uwar tsutsar wani ɗan ƙwaro ne mai fukafukai, toka-toka, dangin asu, tsawonsa bai wuce milimita 7 ba. Da dare yake yawo, da rana ya ɓuya a ƙarƙashin ganye. Mace guda tana iya yin ƙwai har 260. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar takan huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, ta riƙa ci daga ciki, ta bar farin tabo kamar an goga wuta. Daga ganye ta shiga kara, ta shiga 'ya'yan, ruɓa ta biyo baya. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa uwa ba ya wuce wata guda, saboda haka tana iya juyawa sau goma zuwa goma sha biyu a shekara. Wannan ne ya sa ɓarnarta ta fi tsanani daga Maris zuwa Mayu, kuma shi ya sa manomi kan ga gonarsa kore shar a farkon mako, kafin wani makon ta koma kamar an babbake. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A ƙarshen watan Mayu na 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Kwamishinan aikin gona na lokacin, Manzo Daniel Maigari, ya shaida wa manema labarai cewa tsutsar ta lalata kimanin kashi 80 cikin ɗari na gonakin tumatir a wuraren da ta shiga, kuma manoma fiye da 200 sun yi asarar da ta kai naira biliyan ɗaya cikin wata guda. Kafofin labarai suka ruwaito cewa babban kwandon da a da ake sayarwa tsakanin naira 300 zuwa 1,500 ya kai naira 42,000 a waɗansu kasuwanni. Jihar ta tura jami'anta Kenya don su koyo dabarun yaƙi da tsutsar. A Kadawa kuwa, masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote, wadda aka buɗe a watan Maris na shekarar don ta riƙa niƙa tan 1,200 a kullum, ta dakatar da aiki saboda rashin tumatir.

Ba a gama jimamin wannan ba sai ga wani baƙon. A watan Janairu na 2016 ɗin dai, masana a cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi da ke Ibadan, wadda ake kira IITA a taƙaice, suka ga wata baƙuwar tsutsa a kan masara. Ita ma daga nahiyar Amurka take, sunanta na kimiyya Spodoptera frugiperda. Takan shige ƙoƙon masara ta cinye sabon ganye tun bai buɗe ba, uwarta kuma tana iya tafiyar kilomita 100 a dare guda in iska ta taimaka. Zuwa 2018 ta shiga ƙasashen Afirka fiye da 40, ta isa Indiya a shekarar, ta kai Ostareliya a 2020. Ga jihar da masara ta zama ƙashin bayan nomanta, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Cikin shekara guda manyan baƙin amfanin gonarmu biyu, tumatir da masara, maƙiyansu na gida suka cim musu.

6.0 ƁARNAR DA BA A ƘIYASTA TA DA NAIRA BA

Asarar kwando ana iya lissafa ta. Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi, ita ce ta rushewar zaman halittu a gona da fadama. Wannan tana zuwa ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce ture ɗan gida. Sharon ba ta tsaya ga tumatir ba, tana cin dankalin Turawa da yalo, tana kuma fakewa a tsirran daji danginsu, irin su gautan kaji da zaƙami, har lokacin dashe ya zagayo. Tsutsar masara kuwa mafaɗaciya ce, tana cin 'yan'uwanta tana cin waɗansu tsutsotsin, kuma a gabashin Afirka an lura tana korar tsutsotsin kara na asali daga gonakin masara. Haka nan wani ƙudan mangwaro ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003 ya kuma bazu zuwa Afirka ta Yamma cikin 'yan shekaru, ya danne ƙudan mangwaro na gida a wurare da dama. Kowane ɗan gida da aka ture yana da masu cinsa da suka dogara gare shi, don haka girgizar ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai.

Hanya ta biyu ta fi muni, kuma da hannunmu take zuwa. Manomin da ya ci bashi ya zuba a gona, ya ga tana ƙonewa a gabansa, ba abin da zai fara tunawa sai feshi. In bai ga sauƙi ba ya ƙara yawan maganin, ya gauraya iri biyu ko uku, ya matso da kwanakin feshin. Ba ma ganin laifinsa. Sai dai tsutsar tana cikin ganye ko cikin ƙoƙon masara inda magani ba ya isa sosai. Waɗanda ke fili su ne gizo-gizo da zanzaro da rina da ƙananan ƙwari masu cin ƙwai, watau askarawan da Allah Ya ajiye wa manomi kyauta. Su ne ke fara mutuwa, tare da ƙudan zuma mai yi wa amfanin gona barbara. Tsirarun tsutsotsin da suka tsira kuwa su ne masu jure guba, su za su haifi na gaba. An tabbatar da irin wannan ƙin jin magani a jikin Sharon a Barazil da Italiya da waɗansu ƙasashe. Sakamakon shi ne, kowane feshi yana rage maƙiyan baƙon yana kuma tace masa jarumai.

Sa'an nan gubar ba ta tsayawa a gona. Lambu a bakin ruwa yake, abin da aka fesa ruwan ban ruwa da na sama suna wanke shi zuwa fadama da rafi, inda kwaɗi da ƙananan kifaye suke. Rafukan ƙasar Zazzau, har da Galma, a kogin Kaduna suke zubewa, kuma daga kogin nan ne ake ɗibar ruwan da ake tacewa a Malali, maƙwabciyar Unguwar Sarki. Saura kuma yana biyo tumatirin da aka tsinka ba a jira kwanakin da aka ƙayyade bayan feshi ba. Ta haka mazaunin birni da bai taɓa riƙe fartanya ba yake da rabo a abin da ya auku a fadamar Hunƙuyi.

7.0 DARASIN ROGO DA NA GERO

Yanzu sai mu koma ga ƙwaron rogo da muka bari a baya. Da ya addabi Afirka, an yi tunanin feshi, amma rogo abincin talaka ne da ke warwatse a ƙananan gonaki a ƙasashe da dama. Wani matashin masani ɗan Suwizalan da ke aiki a IITA, Hans Herren, ya bi ta wata hanyar. Hujjarsa ita ce, tun da ƙwaron nan ba ya ɓarna a ƙasarsa har ma ba a san da shi ba, lalle akwai mai riƙe da linzaminsa a can. Aka shiga nema a Kudancin Amurka, har wani masani mai suna Anthony Bellotti ya gano ƙwaron a Faragwai. A tare da shi aka sami wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke saka ƙwansa a cikin jikin ƙwaron rogo, ɗan ya cinye shi daga ciki. Aka killace shi a Ingila aka gwada, don a tabbatar ba zai taɓa wata halitta ba. A ƙarshen 1981 aka sake shi a kusa da Ibadan, daga baya aka yaɗa shi a ƙasashe fiye da 20, a waɗansu wurare ma da jirgin sama. Cikin 'yan shekaru annobar ta lafa, ba tare da manomi ya sayi ko kwalba guda ta magani ba. An ba Herren babbar kyautar abinci ta duniya a 1995 saboda wannan aiki.

Dole mu jaddada matakin killacewa da gwaji, domin shi ne bambancin wannan aiki da na masu zuba giwan ruwa a Biktoriya. Kawo baƙo don ya kori baƙo ba tare da bincike ba, ƙara wa Barno dawaki ne a wajen ɓarna.

Kada kuma a ɗauka irin wannan dabara ta fi ƙarfin manomin ƙauye. A jihar Maraɗi, masana na cibiyar binciken aikin gona ta Nijar da na jami'ar garin sun daɗe suna aiki da manoma a kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Sukan ba ƙauye 'yan ƙananan buhunan algarara, a ciki akwai ɗan hatsi da tsutsotsin kiwo da wani ɗan zanzaro na gida. In aka rataye buhunan, zanzaron ya hayayyafa ya fita ya bazu cikin gonaki yana kashe tsutsar. Manoman Hausawa ne irin namu, kuma sun karɓi abin hannu biyu.

Game da Sharon ma an kama wannan hanya. A kudancin Sifen manoma suna sakin ƙwari masu cin ƙwanta a cikin rumfunan tumatir. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta kawo wani zanzaro daga Peru, ta gwada shi, ta fara sakinsa a Kenya a 2020. A nan gida ana amfani da tarkon da ke jawo namiji da ƙanshin mace, da farantin ruwan sabulu da ake ajiyewa ƙarƙashin fitila da dare, da ruwan 'ya'yan dogonyaro. Amma sake ɓarkewar tsutsar a jihohin Kano da Katsina da Kaduna a 2023 da 2024 ya nuna cewa waɗannan dabaru ba su kai ga yawancin manoma ba tukuna.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun ga cewa baƙin ƙwari suna bin hanyar da mutum ya share ne, daga yashin jirgin ruwa zuwa kwandon tumatir. Cewa ƙarfinsu yana zuwa ne daga rabuwa da maƙiyansu. Kuma cewa feshi barkatai yana daɗa musu wannan ƙarfi. Sharon da tsutsar masara sun riga sun zauna, batun korarsu bai taso ba. Abin da ya rage shi ne a mai da su kamar sauran 'yan gida, masu linzami.

Bisa ga haka muna ba da shawara huɗu. Na ɗaya, a ƙarfafa binciken iri da dashe da kayan gwari a kan iyakoki da filayen jiragen sama, tun da riga-kafi ya fi magani. Na biyu, cibiyoyin bincike irin ta Samaru su sami tallafin da za su tantance ƙwarin gida masu cin waɗannan baƙi, su kuma kiwata su. Na uku, manoman kowace fadama su haɗa kai a kan lokacin dashe da lokacin hutun ƙasa, su riƙa ƙone ragowar gona da tsabtace kwanduna, domin gona ɗaya da aka bari tana iya ciyar da annobar gari. Na huɗu, wanda ya shafe mu kai tsaye, a rubuta wannan ilmi da Hausa, a saka shi a darussan kwalejojin horon malamai da shirye-shiryen rediyo, ta yadda yaron da ya ga zanzaro a lambun ubansa zai san ma'aikaci ne ba abin kashewa ba.

Akwai kuma aikin da ke jiran masana tarihi. Manoman da suka ga shekarar 2016 da idonsu suna nan da rai, a gaɓar kogin Kaduna da fadamun Zazzau, haka nan dillalan kayan gwari da matan da suka yi azumin shekarar da miyar kauɗa. Ya kamata a tattara bayanansu tun ƙwaƙwalwa ba ta dushe ba, domin baƙo na gaba in ya zo ya tarar mun san hanyar da na baya ya biyo. Muna fata wannan ɗan tsokaci zai buɗe ƙofar tattaunawa a kan haka a wannan taro.